Ranar da na gauraya takin Baba Ilu da toka

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a aikin malamin gona ba, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Daga ofishinmu na Ƙaura Namoda aka tura ni ƙauyen Banga in koya wa manoma zuba takin zamani, irin farin nan mai amoniyam naitiret. Na isa a kan babur da farar riga, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro noma.

Aka taru a zauren mai gari saboda yayyafi. Wani dattijo, Baba Ilu, ya ba da buhunsa don a yi gwaji, buhu ɗaya tak da ya samu domin geronsa. Da na ga sun saba watsa tokar murhu a gona, sai wata dabara ta faɗo mini (babu littafin da na gan ta a ciki, daga kaina ta fito): a gauraya takin da toka, a yayyafa ruwa, ya ƙara auki.

Baba Ilu ya ce, "Mallam, kak ka gama su. Mun taɓa gwadawa, wanga taki bai son toka."

Raina ya ɓaci. Ni da na yi shekara biyu a makarantar aikin gona? Na ce masa zamani ya canza, na naɗe hannun riga, na juye buhun duka a kan tabarma, na dama da shebur.

Ban gama jawabi ba wani wari ya taso, kamar na tsohon makewayi, ya soke mu a hanci. Idanu suka kawo ruwa. Mai gari ya hau tari har rawaninsa ya kwance. Kuma abin takaicin, ni malamin ne na fara ficewa da gudu, na bar takalmi ɗaya a ciki.

Washegari shugabana ya wanke ni tas. Ya ce toka tana korar iskar amoniya daga takin, warin da ya kore mu ƙarfin takin ne yake tashi sama, abin da ya rage gishiri ne da ruwa, mai rabin amfani. Wai har an koya mana wannan a aji. To ina nake ranar?

Har yau ina jin haushin sunan da suka laƙaba mini, Mallam Toka. Shekara huɗu na yi musu aiki tsakani da Allah, amma ko a kasuwar Shinkafi da shi ake kirana. Mutum ya yi kuskure ɗaya, sai ya zama sunan yanka?

Geron Baba Ilu kuwa, sai da na yi mako guda ina kai masa takin shanu a kan jaki kafin ya farfaɗo. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Tun daga nan, idan dattijo ya ce sun taɓa gwadawa, ajiye shebur nake yi in nemi wurin zama.