Ni da Akwalata Ranar Kai Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwar matata ɗakin miji ba. Ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba.

Ina da wata tsohuwar mota da na saya a hannun wani ɗan kasuwar hatsi a nan Birnin Gwari. Ta girmi amaryar da ƙawayenta, amma ni a wurina babu kamarta. Da aka zo maganar wanda zai ɗauki amarya zuwa Randagi, ban jira an tambaye ni ba na bugi ƙirji. Sharaɗi ɗaya dattawa suka kafa: a tashi da wuri, motoci da babura a jere, don babu mai hankalin da zai bari yamma ta riske shi a dajin nan.

Aka fito da amarya tana kuka, aka zaunar da ita a baya tsakanin gwaggonninta biyu. Na tattare babbar rigata na shiga, na murɗa makulli, mota ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Ko ƙarshen katangar gidan ba mu kai ba ta yi tari, ta mutu. Na sake murɗawa. Inji yana juyawa, gir-gir-gir, amma ta ƙi kamawa.

Na fito ina murmushin ƙarfin hali. (Ni fa malamin firamare ne, ɗan abin da na sani na mota a bakin makanikai na tsince shi.) Na buɗe gaban motar na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Tunda tana juyawa, ba batir ba ne. Ko wuta ce, ko mai." Jama'a suka gyaɗa kai, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Na zare wayar filogi, na nemi wanda zai riƙe ta kusa da inji in ga ko tana tartsatsi. Kawu Sale, ƙanin surukina, ya ce in kawo. Ban gaya masa ya kama ta wajen roba ba. Ina murɗa makulli dattijon nan ya daka tsalle da salati, hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma.

"Akwai wuta ke nan," na ce a hankali.

"Ni ne shaida," in ji shi.

Sai ga matata Hadiza ta matso. "Baban Ummi, zo ka ji."

"Ba yanzu ba."

"Magana ɗaya ce, a kunne."

"Hadiza, maganar inji ake yi. Koma cikin mata."

A gaban mahaifiyarta na faɗi haka, Allah ya yafe mini. Masu babura sun fara duban rana, har na ji wani yana cewa a ɗora amarya a bayansa kawai a wuce. Raina ya ɓaci. Na san tanki cike yake, don haka na cire tiyon da ke kawo mai, na sa a baki na zuƙa, kamar yadda na ga ana yi a gareji. Ko ɗigo bai zo ba.

Ga abin da ɗokin biki ya mantar da ni. Saboda ɓarayin mota, na sa an ɗaura mini ɗan famfo a kan tiyon mai, a ɓoye ƙarƙashin kujerar direba. Da safiyar ranar, bayan na ajiye motar, ni da hannuna na rufe shi, ɗan ragowar man da ke inji ne ya ɗan gusa da mu. Hadiza kaɗai ta san da shi, kuma na sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa a gaban kowa ba. Baiwar Allah ta cika alkawari. Sai kawai ta zagaya, ta sunkuya kamar mai neman ɗan kunne, ta buɗe famfon.

A daidai lokacin na tattara duk ƙarfin ƙirjina na ja. Fetur ya cika mini baki har hanci. Na ɗago a gigice na fesar, ashe surukina ya iso gabana zai ce in bari haka. Farar shaddarsa ta sha, daga wuya har aljihu.

Kunya ta kama ni. Surukina ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, Allah ya sa dai babu mai shan taba a nan." Amaryar da ke kuka tun safe, ita ta fara ƙyalƙyala dariya a cikin mayafi.

Na mayar da tiyo, murɗa biyu mota ta tashi. Mun isa Randagi da sauran rana, gwaggonni sun toshe hanci da gefen gyale. A gidan ango ma, matan da ke girki suka roƙe ni in zauna nesa da murhu.

Tun ranar, in Hadiza ta ce zo ka ji, ko me ke bakina sai in ajiye shi in je.