Ranar da Na Shigo da Jan-baki Coci

Ba na jin zan taɓa mantawa da godiyar kaka ta cocinmu na Sabon Gari, shekarar da na ɗauka ni ma na zama wani abu.

Lokacin ina karatu a Samaru, na kamu da son wani kiɗa da ake haɗawa a kwamfuta. Ba ganga, ba waƙa, sai amo mai sanyi da ƙarar ruwa ko kukan tsuntsaye. (Mahaifiyata tana kiransa kiɗan majinyata.) Da fasto ya ce in sa wani abu lokacin da manoma za su shigo da amfanin gona, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Baba Ishaya, mahaifin Rahila da nake nema, shi zai ja gaba, kuma bai taɓa amsa gaisuwata da abin da ya wuce "uhm" ba.

Na shiga fadama da waya, na naɗo kukan wasu 'yan tsuntsaye masu yawan gaske. Sati biyu ina gyara.

Ran Lahadi, ga dammunan dawa, ga buhunan shinkafa, na kunna. Sai manoma suka fara waige-waige suna duban rufi. Wata tsohuwa ta ja gyale ta rufe kwanon shinkafarta. Baba Ishaya ya tsaya cak.

"Yaro, wa ya ba ka wannan?"

"Ni na haɗa, Baba. Don kwantar da hankali."

"Jan-baki ne fa. Su suka cinye mini shinkafa bara, ko tiya ban ɗauka ba."

Coci ya kwashe da dariya, har da Rahila. Na ji kamar in nutse.

Da aka tashi ya yafito ni. "Jibi ka zo gona da wayar nan taka."

Na je. Yini na yi ina kaɗa gwangwani ina korar abokan kiɗana, sannan ya bar ni na naɗi iska tana ratsa karan dawa. A hanyar gida ya ce, "Yaushe manyanka za su zo mu gaisa?"

Har gobe ina gode wa dattijon nan, don da wani ne, da shi ke nan ni da Rahila. Yanzu kafin in ce kukan wani abu na da daɗi, sai na tambayi wanda ya taɓa yi wa ɓarna.