Ranar da Na Koyar da Ingilishi Ba Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Waca ba, ko da na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da Ingilishi a kolej. Ajina rumfar karan gero ce da iyayen yara suka kafa bayan girbi, ƙasanta rairayi, ga ƙarangiya ko'ina, don da gonar wani ce.

Amma bari in fara gaya muku batun Saratu, in ba haka ba ba za ku gane irin wautar da na tafka ba. Saratu ma'aikaciya ce a asibitin garin. Tun ranar da na fara ganinta, ni da ko mura ba ta cika kama ni ba, na zama mai ciwon kai na dindindin. Kullum aka tashi daga makaranta sai in karkata moto, wato babur ɗina, in nufi asibiti, in dafe goshi, in shiga layi tare da tsofaffi da masu goyo. (Ƙwayoyin da na tara a ɗakina sun isa in buɗe shago.) Ran nan ta gaji, ta dube ni ta ce, "Mushe, kanka lafiya lau yake. In da gaske kake, ka tura magabatanka Magariya wurin Baba Lawali. Ƙanen mahaifina ne, tun da babana ya rasu maganarsa ce magana."

Ta kuma ja mini kunne. Ta ce ya taɓa korar wani mai nemanta saboda ya ji ana zancenta a tasha. "In ya ji sunana a bakin mutane kafin ya ji daga bakin manyanka, to wallahi magana ta mutu."

Sau ɗaya na taɓa hango mutumin a wurin wani suna, dogo, ba ya fara'a. Tun daga ranar tsoro ya kama ni, na yi ta ɗaga maganar, yau in ce sai an gama shara, gobe in ce sai an gama noma. A raina kuma ina alfahari cewa duk Waca babu wanda ya san sirrina. Ni da motona mai ƙarar da ake ji tun daga bayan gari!

Ana nan sai darekta ya ce mini gobe ansifekta zai zo daga Magariya ya ga yadda nake koyarwa. Ban damu ba ko kaɗan. Darasin ranar na fi iya shi da kowane: kalmomin da Ingilishi yake haɗa magana da su don nuna manufa da sakamako. In mutum zai ce ya yi abu kaza don kaza, sai ya sa "so that" ko "in order to". In kuma abu ya yi yawa har ya jawo wani abu, sai "so" ta zo gaba, "that" ta biyo baya. Na shirya misalaina tsaf: manomi ya yi sammako don ya riga rana, buhun gyaɗa ya yi nauyi har jaki ya durƙusa. Na goge rigata, na sa sabon takalmina mai tsini.

Da safe na ji mota ta tsaya. Darekta ya leƙo bakin rumfa, bayansa wani dogon mutum riƙe da jaka. Baba Lawali! Ashe shi ne ansifektan.

Jama'a, ban san lokacin da na yi ba. Ansifekta dai hannu ake miƙa masa a gaishe shi da Faransanci, kowane mushe ya san wannan. Ni kuwa sai ganina na yi a bakin ƙofa, na tuɓe takalmi, na zube ƙasa, kaina a sunkuye, ina cewa, "Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya? Ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Irin gaisuwar da ba a yi wa kowa sai suruki. Darekta ya saki baki. Can bayan aji na ji wani yaro ya ce "ƙiƙ", ya toshe baki.

"Tashi, Mushe, yi aikinka," in ji Baba Lawali, fuskar nan ba alamar komai. Ya wuce ya zauna a bencin ƙarshe.

To ga takalmi can a bakin ƙofa, kunya kuma ta hana ni in koma in sa a gabansa. Haka na fara darasi ƙafa ba komai. Taku na biyu na hau ƙarangiya. Na cije. Na matsa gefe, na hau wata. Ina bayanin manufa da sakamako ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya kamar kaza a kan rairayi mai zafi. Ga shi ba na iya duban bayan aji, don ba a haɗa ido da suruki, sai na yi ta koyar da rufin kara. Muryar da nake tsawa da ita kullum ta koma ta mai neman gafara.

Duk da haka na lallaɓa har muka kai wurin gwaji. A nan ne tsarin da nake taƙama da shi ya juyo kaina. Na saba hana yara kawo misalan littafi, ina ce musu su faɗi abin da suke gani da idonsu a gari. Kuma duk wanda ya kawo jimla, aji duka sai ya maimaita da ƙarfi, sannan a fassara da Hausa don kowa ya gane.

Zuwaira ta ɗaga hannu, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, ta kuma fi kowa baki. Na ji daɗi, na ce wannan za ta fid da ni kunya. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta zuba Ingilishi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Kafin in buɗe baki aji ya ɗauka gaba ɗaya, sannan suka fassara da murya ɗaya:

"Mushe yana zuwa asibiti kullum DON ya ga Anti Saratu!"

Innalillahi! Katangar kara ce fa, har ajin da ke maƙwabtaka da mu sai da ya yi shiru. Na ce, "Ya isa, ya isa, a kawo wani misali, na jaki ko na gero!"

Daga bencin ƙarshe na ji muryar Baba Lawali: "A'a, Mushe. Jimlar daidai take. A rubuta ta a allo."

Da hannuna na rubuta. Ina rubuta mutuwar aurena da kyakkyawan rubutu, har da jan layi a ƙarƙashin kalmar manufa. Da yaran suka ga baƙo ya yaba, ai sai hannuwa suka tashi sama. Aka zo kan sakamako, wani ƙato a tsakiya ya ba da tasa, aji ya amsa:

"Mushe ya ji tsoron baƙo sosai HAR ya manta takalminsa!"

Ita ma na rubuta. A raina na riga na yi ban kwana da Saratu, ina tunanin garin da zan nemi a mayar da ni, mai nisa, inda ba asibiti.

Da aka tashi Baba Lawali ya kira ni gindin bishiyar bedi. Na ɗauki takalmin a hannu na bi shi. Ya fara da Faransanci, ya ce yara sun gane darasi, amma in riƙa duban aji in daina duban rufi. Sai ya rufe jaka, ya juya Hausa.

"Kai ne mai ciwon kan?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi ban..."

"Tun kafin damina Saratu ta gaya wa innarta, innarta ta gaya mini. Na yi ta jira, shiru. Har na fara zaton ciwon na gaskiya ne. Ni na ce a turo ni makarantar nan, in ga ko lafiya."

Ya ci gaba: "Wancan da na kora, shi da bakinsa yake yawo da sunan 'yata a tasha. Kai kuwa yara suka tona ka, ƙafafunka suka ba da shaida. Wanda ya durƙusa a kan ƙarangiya bai ma san ya yi ba, an yi masa tarbiyya a gidansu. Ka turo manyanka, ɗana. Ka kuma bar wa marasa lafiya maganinsu."

Wayyo daɗi! Na zauna daɓas a ƙasa. Motarsa na tashi na fara cire ƙarangiya daga tafin ƙafa, ina dariya, hawaye na zuba. Darekta ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Mu fa tun bara muka sani, har an yi gardama a kan ko za ka iya buɗe baki."

Manyana sun je, an karɓe su hannu biyu. Abin da na koya shi ne, sirrin da mutum yake ɓoyewa a ƙaramin gari shi kaɗai ne bai san ya fita ba. Yanzu in darasin nan ya zo, ni nake kawo misalai da kaina, duka a kan jaki, kuma ko Zuwairar wace shekara ce ta ɗaga hannu, ban gan ta ba.