Bangon Malam Haladu

Ranar Talata, bakwai ga watan Sha'aban, wulaƙancin ya soma, kuma Malam Haladu, tsohon hedimasta, bai yarda a ce Laraba ce ba. A gidansa na dutse da ke Kwarin Tsauni su uku ne: shi, da matarsa Asabe, da ƙaninta Jatau, ƙato mai gemu wanda in ka ce ya ɗebo ruwa sai ya tsaya tambayar a cikin me. Ɗakin Malam kuwa, da kansa ya zaɓi kowane dutse da aka gina shi da shi. Ko ƙusa ba a kafa wa bangon.

A ranar ne ma'aikatan lafiya suka zo. Suka ce akwai wata iska, radon, mai tasowa daga ƙarƙashin duwatsu, ba launi ba wari. Tana taruwa a rufaffen ɗaki, ta yi ta cin huhu shekara da shekaru. Suka miƙa wa Jatau ɗan abin awo kamar gwangwanin tumatir, suka ce a ajiye inda Malam ya fi daɗewa. Da suka dawo ɗauka, Jatau ya ja su har makewayi.

"Nan ya fi daɗewa," in ji shi. "Basir ne da shi."

A gaban baƙi! Mutumin da ya koyar da rabin garin!

Wata rana aka sake kawo abin awon, aka sa a ɗakin, aka ce a liƙe tsagar daɓe da duk wata kafa da ke ƙasa. Jatau ya kwaɓa siminti ya liƙe daɓe, ya liƙe ramin ɓera, ya wuce ya liƙe rariyar tsakar gida. Ruwan farko da ya sauka ya rasa hanyar fita, ya shiga ɗaki ya jiƙa littattafan Malam.

"Kai dabban ina ne?"

"Malam, ai a ƙasa take."

Asabe ta ce, "Ka yi haƙuri, ka san halinsa." Ya sani mana. Sanin hali ya taɓa busar da littafi?

Wata rana sakamako ya fito: iskar ɗakin ta yi yawa. Babbar ma'aikaciyar ta nuna tagar gabas, ta nuna bangon yamma da ba shi da ko huda, ta ce sai iska ta shiga nan ta fita can. Malam ya ce ya ji, amma bangonsa ba mai taɓa shi. Kakansa a kan dutse ya kwana har ya ga jikoki. Washegari ya tafi ta'aziyya birni. Jatau, da ya ji maganar farko bai tsaya jin ta biyu ba, ya aro guduma.

Malam ya dawo ya tarar da rami a bangon yamma wanda sa zai ratsa da ƙahonsa, akuyar maƙwabta tsaye a ciki tana kallon gadonsa.

Bayan watanni aka sake awo. Iskar ta ragu ƙwarai. Ma'aikatan suka riƙa kawo masu gidajen dutse su ga ramin, har ana ce masa tagar Jatau. Shi kuwa gogan yana gefe yana washe haƙora.

Malam bai musa awon ba. Shi mutum ne mai girmama lissafi. Amma ya sa babbar riga ya tafi wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, an ce Jatau ya ceci huhuna. To, huhun nawa ne, bangon ma nawa ne, kuma ba a tambaye ni ko ɗaya ba. Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ba ni haƙuri kowa yana ji. Kuma a faɗa masa dalla-dalla abin da zai ce, kada a bar shi ya ƙara ko kalma."