Jan Ruwan Lagireto

A duk majalisarmu ta Kazaure ni na fara zuba wa motata jan ruwan kanti a lagireto. Da makanike ya ga ruwan ya koma kamar nono da zoɓo, ya ce, "Alhaji, man giya ne ya shiga. Kada ka tuƙa ta."

Na dafa kafaɗarsa. "Malam, haka na Kano yake idan ya nuna."

A tsakiyar kasuwar Gwiwa giyar ta mutu. Shanun huɗa suka ja motar, ina riƙe da sitiyari, ban ko cire tabarau ba.

Har yau idan aka kawo fura, sai a miƙo mini kwanon: "Alhaji, duba mana, ta nuna?"