Zabin Inna da Watan da Ba a Gani Ba

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ƙarshen azumin bara ba, lokacin da ni kaɗai, da bakina da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, na kusa raba ƙauyenmu gida biyu. (Na ɗan ƙara gishiri. Gidaje uku ne kawai suka bi ni, har da namu.)

A lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, kuma ban daɗe da cin gasar muhawara a makarantarmu ba. Ba wani kofi aka ba ni ba, sabulun wanki ne da biro, amma yadda na dawo hutu ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, sai ka rantse daga taron shugabannin duniya nake. Ko cewa aka yi ana zafi, sai na nemi hujja. A makaranta ƙa'idarmu ɗaya ce: in ka yi magana abokin karawarka ya yi shiru, ka cinye shi. Da wannan ƙa'idar na shigo gari.

Ranar ashirin da tara ga azumi, bayan la'asar, na je masallaci karɓo kwanon Baba, don yana i'itikafi, ba ya fita sai an ga wata. A gindin darbejiyar ƙofar masallacin na tarar da dattawa sun buɗe musun da suke yi duk shekara. Alhaji Bala ne ke magana. (Sau ɗaya ya je Makka, amma har yau labarin bai kai rabi ba.)

"Ni dai in Saudiyya ta gani, magana ta ƙare," in ji shi. "Can ce alƙibla."

Kawu Sule, ƙanin Inna, mai fataucin dabbobi, ya gyara zama. "Alhaji, alƙiblar salla ko ta wata? Nijar ga ta nan kusa, sama ɗaya muke kallo da su. Sai in bar maƙwabcina in bi wanda sai an hau jirgi?"

"Maƙwabcin da aka rufe muku iyakarsa kwanakin baya?"

"Shanu aka rufe wa, ba wata ba. Kuma wa ya shata iyakar? Bature ne da fensirinsa."

Malam Liman yana jan carbi, ya ce a hankali, "Mu dai sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, kamar kullum."

Yaro mai hankali zai ɗauki kwano ya wuce. Ni kuwa sai na ajiye kwanon, na gyara murya, na ɗaga ɗan yatsa kamar yadda muke yi a gaban alƙalan gasa.

"Iyayena, da izininku, ina da hujjoji uku."

Na ce masana taurari sun riga sun lissafa, an haifi jinjirin watan tun ɗazu, na zaro waya na nuna musu hotonsa siriri kamar yankan farce. Na ce Allah ya ba mu hankali ne don mu yi aiki da shi. Na ce hukuma tana da iko a kan haraji da hanya, amma wata ba ma'aikacinta ba ne da zai jira takarda kafin ya fito. Daga nan kuma na kutsa siyasar duniya. Har yau ban san ta inda Amurka da Rasha da Sin suka shigo maganar ba, amma sun shigo, kuma sun daɗe. Na rufe da cewa, "Saboda haka, gobe Sallah."

Wurin ya yi tsit. Kawu Sule ya zuba wa takalminsa ido. Alhaji Bala ya buɗe baki ya rufe. Malam Liman ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka. Allah ya nuna mana."

Na ɗauki kwanona ina tafiya ina jin kamar ƙasa ta yi min kaɗan. Dattawa uku a lokaci guda, ko ɗaya bai iya ba ni amsa ba. (Yanzu na san cewa dattijo ba ya musu da ɗan abokinsa a bainar jama'a, kawaici yake yi masa saboda darajar uban. A lokacin kuwa na ɗauka maki nake ci.)

Gidanmu yana can cikin gonaki, da ɗan nisa daga masallaci, mu da wasu gidaje biyu a jere. Inna tana da zabi uku da ta raina tun damina saboda miyar Sallah. Ta kare su daga shaho, ta kare su daga muzuru, har mai sayen kaji ya zo ya yi ta taya su ta hana. Ranar Sallah ce kaɗai ranar da take aika tuwo gidajen mutane da nama sosai a kai, kuma tana ji da wannan ranar.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. Ina shiga ta ce, "Kai wannan, me aka ce a masallaci?"

"An gama magana, Inna. Gobe Sallah."

"Liman ne ya faɗa?"

"A gabansa aka yi. Har albarka ya sa min."

Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna, ta ce, "To, ai sai a kama aiki. Babanka ba ya nan, kai za ka yanka."

Muna shan ruwa na wasa wuƙa. Zabi uku, ɗaya bayan ɗaya, da bisimilla da komai. Ana cikin figa wayar ta mutu, kuma mai cajin yana can bakin kasuwa. Ban damu ba. Me zan nema a waya bayan na riga na san gaskiya? Baba ma da bai dawo gida ba, na ce wa Inna ƙila ya fi son ya wuce Idi daga masallaci.

A wajenmu ba sai an aika wa maƙwabci da labari ba, turmi ne ke kai shi. Inna na fara dakan kayan miya, Goggo Ladi ta leƙo ta kan katanga.

"Dakan me nake ji haka, maƙwabciya? An gani ne?"

"Ɗan bokon nan ya gani a waya, kuma Liman ya sa albarka."

Ba a jima ba turmin Goggo Ladi ya amsa. Can kuma na gida na uku ya shiga. Ina kwance ina jin su kamar tafi ake yi min.

Da asuba iska ta kawo muryar ladan a lasifika, a yanke a yanke. Inna tana bakin murhu ta ce, "Me yake cewa ne?" Ni dai "jama'a" kawai na ji, da wani abu mai kama da "a tashi". Na ce, "Kabbarorin Sallah ne, Inna." (Sahur yake tashin mutane.)

Gari na wayewa na tuna cewa sunna ce a ci wani abu kafin a tafi Idi. Ban taɓa riƙe wata sunna da ƙarfi irin wannan ba. Dabino ake ci, ni cinyar zabo na ci, na bi ta da tuwon shinkafa, na ga cinyar ta yi kaɗaici na ƙara mata 'yar'uwarta. Sannan na saka sabuwar shaddata fara mai sitaci, wadda in na motsa sai ta yi ƙara, na kafa hula, na yi wanka da turare. Inna ta jera samira uku a faranti ta ce in fara kai na gidan Liman.

A hanya na haɗu da wani mutum yana kora amalanken taki zuwa gona, cikin yagaggiyar riga. Na ce, "Barka da Sallah, Baba." Ya tsayar da shanun ya bi ni da kallo har na yi nisa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Na ce a raina, ka ga illar rashin ilimi.

Gidan Liman yana jikin masallaci. Ina karyo kwana na gan su a gindin darbejiyar nan, su ɗin dai na jiya, da wasu da yawa, kowa cikin kayansa na kullum, leɓe a bushe. Babu mai sabuwar riga ko ɗaya. Zuciyata ta ce in juya, amma ƙafata ta riga ta kai ni tsakiyarsu, bakina kuma bai jira shawara ba.

"Barkanmu da Sallah."

Alhaji Bala ne ya fara magana, cikin ladabi kamar yana tambayar babban malami.

"Ɗana, a wace ƙasa aka gani? Rasha ko Sin?"

Kawu Sule ya matso ya leƙa fuskata. "Menene wannan yake ƙyalli a leɓenka?"

Na goge da hannun farar shadda. Man miya ya fito ja a jiki, kowa ya gani.

Sai na hango Baba. Yana tsaye daidai bakin ƙofar masallaci daga ciki, yatsun ƙafarsa a kan dokin ƙofa. Idonsa ya riga ya iso inda nake ya gama da ni, amma mai i'itikafi ba ya fita sai da lalura, kuma ina jin ya tsaya yana lissafin ko dukan ɗa yana cikin lalurorin. Ban taɓa ganin amfanin i'itikafi ƙarara irin na ranar ba.

Malam Liman ya sa aka sauke min farantin. Ya ɗaga murfin samira ɗaya, ƙamshin zabo da daddawa ya bugi mutanen da ke da yini guda a gabansu, wani tsoho ya yi salati, Malam ya yi maza ya rufe.

"Gidaje nawa?" ya tambaye ni.

"Uku, Malam." Sai kuka ya ƙwace min. "Malam, azumi sittin zan yi ko?"

Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya ce tunda ba da gangan na keta azumin ba, na ɗauka Sallah ce, in kama bakina har magariba, bayan Sallah in rama guda ɗaya. Sannan ya juya ga mutane ya ce, "Laifin har da nawa. Jiya da na gaya masa a fili." Ya dawo kaina. "Ban ce lissafinka ƙarya ba ne. Wata yana iya kasancewa a can ido bai kai gare shi ba, kuma in an kwana biyu ka zo ka nuna min yadda masana taurarin suke yi, ina so in gane. Amma in kai ka bi waya, Sule ya bi Nijar, Alhaji ya bi Saudiyya, wa zai tsaya sahu da wa a filin Idi? Ba don watan na hukuma ne muke jira ba, don mu sha ruwa rana ɗaya ne."

Sauran dai abincin. Bazara ce, babu firij a ƙauyen, zuwa gobe komai ya lalace. Malam ya ce a gaya wa matan su riƙa ɗumama miyar, da yamma a kawo duka masallaci, buɗa-bakin ƙarshe na bana sadakar gidajen nan uku ce.

Komawa gida ya fi zuwan wuya. Inna ta saurare ni har na gama. Ta zauna a kan turmi ta dubi tulin gashin zabin da ke gefen murhu, ta ce, "Tun damina." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. (Goggo Ladi ta cike wannan giɓin ta kan katanga, har da na gida na uku da ta wakilta.)

Da magariba masallaci ya cika, har mai amalanken nan ya zo, ya gan ni ya ce, "Barka da Sallah, Malam." Aka cinye komai aka siɗe. Malam Liman ya yi wa matan gidajen uku doguwar addu'a a lasifika, wannan karon kuma iska ta kai ta har tsakar gidanmu.

Washegari aka yi Sallar gaskiya. Na je Idi da shadda mai tabon miya. A gida Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka babu ko ƙashi, ta ce ba za ta aika wa kowa wannan ba. Muna zaune jugum sai sallama ta fara. Kwano daga gidan Liman. Kwano daga gidan Alhaji Bala, da rabin kaza a kai. Kawu Sule da kansa ya shigo da cinyar akuya a leda. Wasu kwanukan ma daga gidajen da ba mu saba musaya da su ba, kowanne da saƙon a gaishe da mai miyar jiya. Gidan Goggo Ladi da na ukun su ma haka aka yi ta kai musu. Inna tana karɓa tana godiya tana goge ido da bakin mayafi. Baba ya dubi jerin kwanukan, ya dube ni, ya ce, "Albarkacin mutane ka ci." Maganar dukan ba ta sake tashi ba.

Ranar da na tashi rama azumina, gidan duk ƙamshin suya, na fito sahur na tarar da Inna ta riga ni zama da kwano biyu. Na ce ai ita ba ta ci komai ba ranar. Ta ce, "Na ɗanɗana gishirin miya, kuma na haɗiye. Zauna ka ci." Ban yarda ta haɗiye ba, har yau. Ina jin dai ba ta so in yi yunwar ni kaɗai ne.

Ban daina musu ba, kada in yi maka ƙarya, jinina ne. Amma yanzu in na zuba hujjojina na ga dattijo ya yi shiru yana sa min albarka, ba na zuwa gida da labarin nasara. Ina bin sa a baya in ya keɓe, in durƙusa in ce, "Baba, don Allah gaya min inda na yi shirme, tun kafin Inna ta ɗora tukunya."