Rabon Gadon Littafin Malam Jibo

A ɗakin karatu na wata jami'a akwai wani ma'aikaci, Malam Hambali, wanda aikinsa shi ne tsara tsofaffin littattafan da magabata suka rubuta da hannu. Shekara ashirin da bakwai yana wannan ɗaki da ba a kunna fanka, don kada iska ta watsa masa takardu. Mutum ne mai haƙuri da takarda, amma haƙurinsa da mutane kaɗan ne, shi ma ya san haka, shi ya sa yake yawan yin shiru.

Saura wata biyu ya yi ritaya, babu abin da ya tsaya masa a rai sai littafi guda: labarin tafiyar wani Malam Jibo na Rafin Ɗinya, wanda ya je Makka a ƙasa ya dawo bayan shekara bakwai, ya zauna ya rubuta duk abin da ya gani da ajami, falle ɗari huɗu. Irin littattafan nan ba a ɗinke su, ba kuma lambar shafi. Takardu ne warwatse a cikin gafaka. Marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane wane falle ke bin wane.

To, da Malam Jibo ya rasu, 'ya'yansa bakwai suka zauna rabon gado, maza uku mata huɗu. Babban ɗansa, Alhaji Nakande, dillalin hatsi ne, mutumin da bai yarda da komai ba sai awo. Aka raba gona, aka raba awaki, aka zo kan littafi. Alhaji ya ce ai albarkar Baba tana cikinsa, ba za a bar wa mutum ɗaya ya kwashe ba. Kuma ba za a yanka shi gida-gida ba, don kada wani ya samu wurin da aka isa Makka, wani ya tashi da jeji zalla. Sai ya zaunar da su a da'ira ya riƙa miƙawa kamar mai rabon karta: namiji falle biyu, mace falle ɗaya, a zagayo, a sake. Haka aka yi har gafaka ta zama wayam. Kowa ya tafi gida yana yaba adalcin Yaya.

Shekara talatin da ɗaya bayan haka, Malam Hambali ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da babur ɗinsa. Ya sha kunu, ya sha fura, ya sha zaman jira. Wata ta ciro nata kason daga ƙasan adaka, wani ya sauko da nasa daga rufin ɗaki da kashin ɓera a kai. Gida shida suka ba da nasu ajiya ga jami'a. Ya shafe wata tara yana haɗa falle da falle, har idonsa ya ƙara lamba.

Sai dai a kowane falle goma, biyu babu, suna hannun Alhaji Nakande. Wannan giɓi kuwa ya hana Malam Hambali sakat. Za ka ga Malam Jibo ya isa bakin wani kogi, kada ya taso masa baki buɗe, sai labari ya yanke. Falle na gaba kuma ga shi zaune a wani gari yana cin dabino yana cewa, “Da haka Allah ya kuɓutar da ni.” Da yaya? Sai a tambayi Alhaji. Ko sunan littafin ma ba a sani ba, domin da yake daga babba aka fara rabo, fallen farko yana wurinsa.

Sau biyar Malam Hambali yana zuwa rumfar Alhaji a kasuwa. Sau biyar ana ba shi lemo, a yi masa godiya, a ce gado ba ya fita gida.

Ranar wata Laraba sai ga Alhaji da kansa ya shigo ɗakin, babbar riga na sharar ƙasa, da wani ƙunshi a hammata. Murna ta kama Malam Hambali. Ya miƙe har yana ture kujera.

“Alhaji, sannu da zuwa! Yau kai ne a wurinmu? Ashe dai Allah ya karkato da zuciyarka.”

“Ba abin da ya karkato, Malam,” in ji Alhaji, ya zauna yana fifita da hularsa. “Zuwa na yi in kwashe na ƙannena. Tun da suka ba ka, wannan ta yi ciwon ƙafa, wancan shagonsa ya ja baya. Albarka kuka tattaro kuka kulle a ɗakin da ko fanka babu. Ni ne babba, sun kuma sa mini hannu. Ga takardar.”

Malam Hambali ya duba. Takarda dai ta yi daidai, ajiya ce aka ba su, masu ita na da ikon karɓa duk ranar da suka ga dama. Aikin wata tara zai koma ƙasan adaka da rufin ɗaki.

“To ranka ya daɗe, ai na riga na jera su. In aka kwashe, ta ina za a gane na wane da na wance?”

“Wannan kuma mai sauƙi ne. Sai in sake rabawa. Shi ya sa na taho da nawa, a zuba gaba ɗaya a yi sabon lale. Hannun da ya yi na farko yana nan.”

Ya ɗaga hannun ya nuna, kamar wani abin alfahari. Malam Hambali ya haɗiye maganar da ta zo masa baki, don ya san in ta fito ba gyara.

“Na ji, Alhaji. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin in bar aiki, bar ni in ga fallen farko, ko sunan littafin in sani.”

“Da ido kawai?”

“Da ido kawai.”

Alhaji ya kwance ƙunshin. Zane ne, cikin zanen buhun leda, cikin ledar wani rawani na marigayi. Ya ce tun ranar rabo bai taɓa barin iska ta taɓa su ba. Duk Juma'a yakan ɗauko ƙunshin ya shafa a fuska ya mayar. Takardun kuwa fes suke, tamkar jiya aka ajiye alƙalami.

Malam Hambali ya sa safar hannu, ya sunkuya kan fallen da ke sama. Ya karanta layi ɗaya, biyu, uku. Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Gefen bakinsa ya fara rawa.

“Mene ne?” in ji Alhaji. “Ka ga wani abu ne?”

“Alhaji, ka yi allo?”

“Ni? Ɗan Malam Jibo kake tambaya? Izu goma sha biyu na yi kafin kasuwa ta ɗauke ni.”

“To gara ka karanta da bakinka. In ni na karanta, za ka ce ƙari na yi.”

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro nasa tabarau, ya kafa yatsa a ƙarƙashin jan rubutun da ke bin bisimilla. Ya fara haɗa baƙi a hankali, yana tuntuɓe yana tashi:

“Ni Jibo... ɗan Mamuda... na yi waƙafin wannan littafi... ga masu neman sani. Ba gado ba ne. Kada a sayar... kada a raba shi. Duk wanda ya raba falle da ɗan'uwansa...”

Yatsan ya tsaya cak.

“Ƙarasa mana, ranka ya daɗe, saura kaɗan.”

“...ban yafe masa ba.”

Zufa ta keto wa Alhaji, wadda ba ta rashin fanka ba. Ya duba bayan fallen ko marigayi ya sassauta a can, ya tarar labarin ranar tashi ne da jaki. Ya yi salati ya sake yi. Can ya tura ƙunshin gaban Malam Hambali da hannu biyu, har da rawanin, ya cusa takardar sa hannun ƙannensa a aljihu.

“Ɗauki, Malam. Haɗa su. Don Allah haɗa su yau ɗin nan, kowanne kusa da ɗan'uwansa.”

Malam Hambali bai jira a faɗa sau biyu ba. Ya kwashe falle tamanin ya sa a kabad, ya murɗa makulli, ya jefa shi aljihun ciki. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Alhaji kuwa da tsoro ya ɗan lafa, sai haushi ya taso. Ya buga hula a gwiwa.

“Amma Baba bai kyauta mini ba! Magana mai nauyi irin wannan, ina tare da shi kullum, ya kasa faɗa mini? Shekara talatin da ɗaya ina shafa wa fuskata rashin yafiya duk Juma'a! Me ya sa ya ɓoye mana?”

Malam Hambali ya taɓa aljihu ya tabbatar makulli na nan, sannan ya ce:

“Ai bai yi niyyar ɓoyewa ba, Alhaji. Kuskure ya yi, ya ajiye maganar a inda ɗan gidanku ba zai taɓa leƙawa ba, shafin farko na littafi.”